Ƙaramar Fadama a Tsakar Gida



Kowa a ƙasar Matamaye ya san bazara. Daga watan Maris zuwa watan Mayu rana takan buɗe, zafi ya wuce digiri 40. Ruwan rijiya ya ja ƙasa. Layi ya yi tsawo a bakin famfo. Kayan lambu su yi ƙaranci a kasuwa, su yi tsada. A gidaje da dama, miyar kuka ce yau, ita ce gobe. A lokacin ne yara da mata masu ciki suke matuƙar bukatar ɗanyen ganye, kuma a lokacin ne ya fi wuyar samu.

Saboda haka wasu sukan yanka tano biyu, wato durom, su cika rabin da ƙasa, su shuka zogale ko tumatir a tsakar gida. Wasu kuma tsohuwar randa suke amfani da ita. Niyya ce mai kyau. Amma sau da yawa shukar ba ta kai damina. Ana zuba mata ruwa safe da maraice, duk da haka ta yi yaushi, ta mutu. Yau za mu duba dalilin haka, da kuma maganinsa. Maganin yana cikin gidajenmu tun zamanin kakanni, shi ne tulu.

Abin da ya same ni

Wata shekara na dasa lemun tsami a cikin rabin tano a gidana. Na kula da shi wata biyar, ya yi kore shar. Da Afrilu ya kama, sai na fita rangadin makarantun yaƙi da jahilci na kwana huɗu. Na bar wa yara sallahu su riƙa ba shi ruwa. Sun ba shi kwana biyu, suka manta kwana biyu. Da na dawo, ganyen ya naɗe, ya kakkaɓe. Wahalar wata biyar ta tafi cikin kwana biyu.

Bayan haka na je wani ƙauye da ke tsakanin Matamaye da Kance. Wata dattijuwa daga cikin ɗaliban ajin mata ta kai ni gidanta in sha ruwa. A bayan rumbunta na ga barkono cikin wata fasasshiyar randa, ganyensa tsaye, ga ƴaƴa jajur. Na taɓa ƙasar da ke sama, na ji ta bushe ƙamas.

Na ce, "Inna, yaushe rabonki da ba shi ruwa?"

Ta ce, "Mushe, ai shi ke shan abinsa. Ni dai cika masa tulu nake yi."

Ta ɗaga wani tsingaro da ke tsakiyar randar. Sai ga bakin ƙaramin tulu a binne, da ruwa har rabi. Ta ce in tura yatsa cikin ƙasar. Na tura, na ji danshi da sanyi. Ranar nan malami ya zama ɗalibi.

Me ya sa shukar cikin tano take saurin bushewa?

Dalilai uku ne.

Na ɗaya, ƙasar kaɗan ce. Iccen da ke gona yana tura saiwarsa ƙasa ya nemo danshi. Wanda ke cikin tano ba shi da inda zai je. Abin da aka ba shi, shi ke nan.

Na biyu, rana tana dukan tano ta sama da ta gefe. Ƙarfen ya yi zafi, ƙasar ta yi zafi, ruwan ya tashi sama. Iska mai zafi ita ma ta kwashe nata rabo.

Na uku, ƙasarmu ta jigawa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Idan aka sheƙa guga guda a lokaci ɗaya, ruwan yakan bi gefen tano ya zurare ta ƙasa. Shuka ta sha kaɗan, saura ya ɓata. Da safe ta nutse cikin ruwa, da azahar tana jin ƙishirwa. Wannan hawa da sauka yana sa fure ya zube, yana kuma sa tumatir ya tsage ko gindinsa ya yi baƙi.

Darasi daga fadama

Mu dubi fadamun Korama da ke ƙasarmu, inda ake noman rake da rogo da dankali. Ko da rani, raken fadama yana tsaye da korensa. Me ya sa? Saboda ruwa yana kwance kusa, a ƙarƙashin ƙasa. Danshi yana hawowa sannu a hankali, saiwa tana sha dare da rana. Rana ba ta ganin ruwan, balle ta shanye shi.

Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Janar Saini Kunce ta yi kira ga jama'ar Nijar su rungumi noman rani. Masu fadama da masu rijiyar lambu sun amsa kira, kuma har yau ana cin moriyar abin. Sai dai ba kowa ke da fadama ba. Mata da yawa ba su da fili a can, tsofaffi kuma ba su iya tafiya mai nisa. To, wanda ba shi da fadama yana iya yin ƙarama a tsakar gidansa. Abin da ake so shi ne a ajiye ruwa kusa da saiwa, inda rana ba ta kai.

Sirrin tulu

Kowa ya san randa tana gumi. Jikin tukunyar yumɓu yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busa shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan sirri ne Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa ta Najeriya, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, don adana kayan miya. Aikin ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Idan aka binne tulu cikin ƙasa, gumin nan ƙasa ce ke shan shi. Idan ƙasa ta bushe, sai ta jawo ruwa da yawa daga tulun. Idan ta jiƙe, sai tsattsafowar ta ragu. Ke nan tulu yana ba da ruwa daidai da ƙishirwar shuka. Bayan ƴan makonni saiwoyi sukan zo su kewaye tulun, su manne a jikinsa.

Dabarar tsohuwa ce. Fiye da shekara 2000 da suka wuce, wani masanin noma na ƙasar Sin mai suna Fan Shengzhi ya rubuta yadda ake binne tulu a tsakiyar ramin shuka, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa. Manoma a Indiya da Fakistan da Iran da Meksiko sun yi aiki da ita a wuraren da ruwa ke wuya. Mu kuwa ba sai mun aika ƙetare ba. Garin Mirya ya yi suna wajen ginin tukwane, kuma maginan ƙauyukanmu sun iya aikinsu.

Kayan da za a tanada

Rabin tano, ko tsohuwar randa, ko babban baho da ya huje.

Tulu mai ɗaukar lita 5 zuwa 10, mai ƙaramin baki. Kada ya zama an shafa masa fenti ko siminti, don suna toshe ƙofofin.

Murfi: tsingaro, ko kasko, ko tsohon kwano.

Ƙasa mai kyau, da takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko busasshiyar ciyawa.

Kafin a binne tulu, a gwada shi. A cika shi da ruwa, a ajiye a inuwa ya kwana. Idan da safe jikinsa ya yi danshi, mai kyau ne. Idan ya bushe ƙurmus, ba zai shayar ba. Idan kuwa ruwa na ɗiga ta wuri ɗaya, ya tsage ke nan, a nemi wani.

Yadda ake yi

1. A huda gindin tano da ƙusa wuri biyar ko shida, don ruwan damina ya sami hanyar fita.

2. A ɗora tanon bisa duwatsu uku ko huɗu. A barbaɗa toka a ƙarƙashi saboda gara.

3. A haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Idan ƙasar rairayi ce zalla, a ƙara ƴar laka kaɗan.

4. A zuba ƙasar kamar faɗin tafin hannu a gindin tano. A zaunar da tulu a tsakiya.

5. A cika gefe da ƙasa har wuyan tulu. A danna da hannu don ƙasa ta manne da jikinsa. A bar bakin ya ɗara ƙasa da yatsa biyu ko uku, kada turɓaya ta riƙa faɗawa ciki.

6. A cika tulu da ruwa, a rufe. A jiƙa dukan ƙasar sau ɗaya da kyau.

7. A yi shuka ko dashe kewaye da tulun, kamar yatsa huɗu daga jikinsa.

8. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko ciyawa bisa ƙasar, kauri yatsa uku.

9. A naɗe jikin tano da tsohuwar tabarma ko zana, don rana kada ta gasa ƙarfen.

A ajiye tanon inda zai sami hantsi, ya kuma sami inuwa da azahar. Gabashin katanga ko gabashin rumbu wuri ne mai kyau. A kewaye shi da ƙaya, domin akuya ba ta san wahalar kowa ba.

Kulawa

A mako biyu na farko, saiwa ba ta kai ga tulu ba tukuna. Saboda haka a riƙa yayyafa wa tsiron ruwa kaɗan ta sama kowace safiya. Bayan nan a bar wa tulu aikin.

A riƙa leƙa tulun kullum. Idan ruwa ya sauka rabi, a cika. Kada a bari ya ƙafe, don saiwoyin da suka manne masa za su bushe. Da ɗari yana iya ɗaukar kwana huɗu ko biyar. Da bazara yana iya neman ciko bayan kwana biyu.

Kada bushewar saman ƙasa ta tsorata ku. Ku tura yatsa ciki. In kun ji danshi, lafiya lau. Busasshen sama yana ma hana ciyawa fitowa.

A zuba ruwa mai haske. Ruwan laka da ruwan sabulu suna toshe jikin tulu. Idan ruwan rijiya ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta, ko a tace da ƙyalle. Ruwa mai kanwa yakan bar farin gishiri a jikin tulu da bisa ƙasa. Mai irin wannan rijiya ya riƙa jiƙa tanon ta sama sosai sau ɗaya a wata, har ruwa ya fito ta ƙasa, ya wanke gishirin.

Idan an gama cin amfanin shuka, a tono tulun a hankali, a goge shi da soso ciki da waje ba tare da sabulu ba, a shanya shi a rana. A sabunta taki kafin a sake shuka.

Hanya ta biyu: ruwa a gindin tano

Wannan hanya ta fi kama da fadama. Ku tuna fitilar ƙwai. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani ne ke jawo shi. Haka ƙasa ke jawo ruwa daga ƙasa zuwa sama.

A nan ba a huda gindin tano. A zuba tsakuwa a gindin, tsawon santimita 12 zuwa 15. A tsayar da guntun tiyo a gefe ɗaya, gindinsa cikin tsakuwa, bakinsa a sama. A huda jikin tano wuri ɗaya daidai inda tsakuwa ta ƙare. A shimfiɗa tsohon buhu bisa tsakuwar don ƙasa kada ta cika ta. A yi rami biyu ko uku cikin tsakuwar, a tura buhun ciki, a cika su da ƙasa har gindi. Waɗannan su ne lagwani. Sannan a cika sama da ƙasa da taki.

Ta bakin tiyo ake zuba ruwa. Idan ya fara fita ta hujin gefe, ya isa. Wannan huji shi ke hana saiwa ruɓewa, don saiwa ma tana bukatar iska. Kada ƙasar sama ta wuce santimita 30, domin danshi ba ya hawa da nisa. A toshe bakin tiyo da tsumma bayan an zuba ruwa.

Wanda bai sami tulu ba kuma bai sami tiyo ba, yana iya huda gorar roba da allura wuri biyu ko uku, ya binne ta kusa da shuka. Tana taimako. Sai dai roba ba ta san ƙishirwar ƙasa ba, ɗiga kawai take yi har ta ƙare.

Me za a shuka?

A rabin tano guda ana iya sa zogale ɗaya ko biyu, ko tumatir uku, ko barkono uku, ko yalo biyu. Ana iya watsa alayyafo ko rama a gefe. Zogale idan ya kai ƙugun mutum, a yanke kansa. Zai yi rassa da yawa, ganye ya ƙaru, hannu kuma ya kai gare shi.

Ana iya renon lemun tsami ko gwaiba ko mangwaro a ciki har su ƙetare bazara. Amma mangwaro babban icce ne. Idan damina ta zauna, a dasa shi a ƙasa, a binne masa tulu a gefe don ranin farko.

Shuka cikin mazubi ba ƙaramin abu ba ne. A birnin Dakar na Senegal, tun shekarar 1999, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta taimaka aka koya wa iyalai noman kayan miya cikin akwatuna a tsakar gida. Ɓawon gyaɗa yana cikin abin da suke shuka a kai. Ga shi mu a ƙasar gyaɗa muke.

Mu yi lissafi

Ga misali. A ce mai zuba ruwa ta sama yana zuba lita 5 kowace rana. A kwana 30:

5 × 30 = lita 150.

Idan bido yana ɗaukar lita 25:

150 ÷ 25 = bido 6.

A ce mai tulu yana ƙara lita 5 bayan kowane kwana 2. A kwana 30 zai cika sau 15:

5 × 15 = lita 75.

75 ÷ 25 = bido 3.

A wannan misali an rage bido 3 a wata. Idan tano huɗu ne a gidan, bido 12 ke nan. Ku tambayi matar da ke ɗauko ruwa a ka, ko maigidan da ke biyan mai ga-ruwa, su faɗa muku darajar bido 12. Tuluna sun bambanta, ƙasa ma ta bambanta. Saboda haka kowa ya auna nasa. Ku ɗauki littafinku, ku rubuta ranar da kuka cika tulu da yawan litar da kuka zuba. A ƙarshen wata ku haɗa jimla.

Hattara da lafiya

Rigakafi ya fi magani. Abu huɗu ne kada a manta.

Sauro yana yin ƙwai cikin ruwan da ke tsaye. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan yana iya zama sauro mai tashi. Tulu a buɗe gidan sauro ne, sauro kuwa shi ke kawo masassara. A rufe bakin tulu ruf, a toshe bakin tiyo, a sa ɗan ƙyalle a hujin gefe.

Kada a yi amfani da tano ko bidon da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki, ko da an wanke shi. Guba tana maƙalewa.

Bakin tanon da aka yanka yana da kaifi. A lanƙwasa shi da guduma, ko a tsaga tsohon tiyo a lulluɓe shi, saboda hannun yara. Kada kuma a bar tano cike da ruwa a buɗe inda yaro mai rarrafe zai iya faɗawa.

Ruwan tulun shuka ba na sha ba ne. A gaya wa yara. Ganyen da aka tsinka kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a dafa.

Amfanin ga iyali

Jihar Damagaram ta ga tamowar yara a shekarar 2005 da shekarar 2010, kuma ba wanda ke son ya sake gani. Hatsi yana cika ciki, amma jiki yana bukatar ƙari. Ganyen zogale da alayyafo suna ɗauke da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma sa yaro saurin kamuwa da ciwo. Suna kuma da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatarsa ƙwarai.

A haɗa ganyen da ɗan man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, kamar yadda ake yin kwaɗo, domin mai yana taimakon jiki ya ɗauki bitamin A. Idan ganye ya yi yawa, a shanya shi a inuwa, a daka, a ajiye garin cikin gwangwani mai murfi. Jariri nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga nan ana iya sa masa ɗan garin zogale cikin kunu, a ci gaba da ba shi nono. Yaron da ya riga ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi likita nan da nan. Ganye abinci ne, ba ya maye gurbin magani.

Mu fara tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son ɗanyen ganye a watan Mayu, ya haɗa tanonsa tun da ɗari, don saiwa ta kama tulu kafin zafi ya zo. A fara da guda ɗaya. Idan ya yi kyau, a ƙara na biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

Ni ma na sake dasa lemun tsami, da tulu a gefensa. Na yi rangadin kwana uku cikin bazara, na dawo na tarar da shi tsaye. Ku gwada, ku rubuta abin da kuka gani, ku karanta wa maƙwabcin da bai iya karatu ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka cikin abin da muka shuka.